Wasiƙa zuwa Kumasi: shekara arba'in na Sa'ud ɗan Faisal

Alhaji, aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hajiya da yara da dukan mutanen zango. Mu nan Zariya lafiya ƙalau, sai godiyar Allah. An shiga girbi, sanyin asuba kuma ya fara leƙowa. Na yi farin ciki da jin cewa yaron nan naka ya samu gurbin karanta hulɗar ƙasa da ƙasa a jami'a. Allah ya yi masa albarka, ya sa al'umma ta amfana da shi.

Akwai magana guda cikin saƙonka da ta tsaya mini a rai, ita ce ma ta sa na ɗauki alƙalami maimakon in bari sai mun yi waya. Ka ce ka gaya wa yaron kada ya ɓata lokacinsa kan ƙasashen Larabawa masu sarauta, wai a can babu ƙwarewa, ɗan sarki ake ɗaukowa a ɗora kan kujera ya zauna sai mutuwa ta raba. Alhaji, maganarka da ƙamshin gaskiya, amma ban karɓe ta duka ba. Wanda ya hana ni karɓarta shi ne Yarima Sa'ud Al-Faisal, wanda ya riƙe ma'aikatar harkokin wajen Saudiyya daga 1975 har 2015. Ni da kai muna samari muke jin sunansa a labaran rediyo na safe. Muka yi aure, muka haifa, muka aurar, shi yana nan kan aikinsa. Sarakuna huɗu ya yi wa hidima: Khalid, Fahd, Abdullah da Salman. Lokacin da ya sauka, babu ministan harkokin waje a duniya da ya kai shi daɗewa.

Bari in fara ba ka gaskiyarka. Jini ne ya kai shi wurin, wannan ba abin musu ba ne. An haife shi a Ɗa'ifa a watan Janairun 1940, ɗan Faisal bin Abdul'aziz ne, mahaifiyarsa Iffat, wadda aka sani da tsayawa kan ilimin 'ya'ya mata a ƙasar. Uban nasa tun yana yaro ɗan shekara goma sha uku aka tura shi Landan da saƙon mahaifinsa a 1919. Da aka kafa ma'aikatar harkokin waje a 1930 shi aka ba, shi ya sa wa Saudiyya hannu a takardar kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a San Francisco a 1945, kuma ko da ya hau sarauta a 1964 bai saki ma'aikatar ba. To ka ga Sa'ud a cikin abin ya tashi.

Sai dai ba daga ɗaki aka ɗauko shi ba. Ya karanta tattalin arziki a jami'ar Princeton ta Amurka, ya dawo gida a tsakiyar shekarun 1960 ya shiga harkar man fetur. Ya yi aiki a hukumar Petromin, sannan a 1971 ya zama mataimakin Ahmed Zaki Yamani, ministan mai da duniya ta sani. Yana wannan ofis aka yi yaƙin Oktoban 1973, Larabawa suka rufe wa Amurka famfon mai, farashi ya ninka kusan sau huɗu cikin 'yan watanni. Wanda ya ga wannan da idonsa ya san inda ƙarfin ƙasarsa yake, ya kuma san iyakarsa.

Ran 25 ga Maris 1975 ɗan ɗan'uwan Sarki Faisal, Faisal bin Musa'id, ya harbe shi a fada yana karɓar baƙi daga Kuwait. Cikin kwanaki Sarki Khalid ya naɗa Sa'ud ƙaramin minista a harkokin waje, a watan Oktoba ya zama cikakken minista. Shekararsa 35. Makoki bai gama sakinsa ba yaƙin basasa ya ɓarke a Labanon, a watan Afrilun wannan shekara.

A kan Labanon ɗin nake so in tsaya, domin a ganina nan ne aikin da ya fi kowanne a rayuwarsa.

Ka tuna yadda ƙasar ta zama. Kiristocin Maroni, 'yan Sunni, 'yan Shi'a, Duruz, kowa da mayaƙansa. Ga Falasɗinawa da makamansu, ga sojojin Siriya da suka shigo a 1976, ga Isra'ila da ta kutsa a 1978 ta sake kutsawa a 1982 har Beirut, shekarar kisan kiyashi a sansanonin 'yan gudun hijirar Falasɗinawa na Sabra da Shatila. Fiye da mutum 100,000 suka halaka. An yi ta tsagaita wuta ana karyawa, an yi taron sulhu a Geneva da Lausanne duk a banza. A 1989 Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa ta kafa kwamiti na shugabanni uku: Sarki Fahd, Sarki Hassan na biyu na Maroko, da Shugaba Shazali Bin Jadid na Aljeriya. Ministocinsu na waje su ne masu zirga-zirgar, tare da Lakhdar Brahimi ɗan Aljeriya, da Rafiƙ Hariri wanda a lokacin ɗan kasuwa ne mai shiga tsakani.

Dabarar da suka yi ita ce ta burge ni. Ba su tara madugan yaƙi ba. Sai suka nemo 'yan majalisar dokokin da aka zaɓa tun 1972, zaɓe na ƙarshe kafin yaƙi. Wasu sun mutu, waɗanda suka rage sun tsufa, ba su da bindiga ko ɗaya, amma su kaɗai ke da sauran halaccin doka a ƙasar. Aka kwaso 62 daga cikinsu aka kai Ɗa'ifa a ƙarshen Satumba. Kai ma ka je Ɗa'ifa ziyara, ka san hanyar nan ta Hada mai lanƙwasa da mota ke hawa tana nishi, birai zaune a gefen titi suna jiran a jefa musu ayaba, kana isa sama iska mai sanyi ta buge ka ka manta zafin Makka. Can aka zaunar da dattawan nan, nesa da ƙarar igwa, nesa da masu yi musu barazana a gida. Mako uku ana kai ruwa rana, Sa'ud ya yi ruwa ya yi tsaki a tsakaninsu, ya saurari wannan ya lallashi wancan. Da magana ta cije kan makomar sojojin Siriya, shi ya tashi ya tafi Damaskas wurin Shugaban Siriya Hafiz Al-Assad ya dawo da abin da za a iya sa wa hannu. Ran 22 ga Oktoba 1989 aka amince.

Abin da aka yanke ba wani abin al'ajabi ba ne. A da kujerun majalisa shida ne na Kirista a kan kowane biyar na Musulmi, aka mayar da su rabi da rabi. Aka rage ikon shugaban ƙasa, wanda Maroni ne, aka ƙara wa majalisar ministoci da firaminista ɗan Sunni, aka ƙarfafa kujerar kakakin majalisa ɗan Shi'a. Aka ce ƙungiyoyin mayaƙa su ajiye makamai. Ba nan take wuta ta mutu ba. Janar Michel Aoun ya ce bai yarda ba. René Mu'awwad da aka zaɓa shugaban ƙasa kwana 17 ya yi aka tashe shi da bam. Sai a Oktoban 1990 yaƙin ya ƙare, bayan Siriya ta fatattaki Aoun daga fadar Ba'abda. Sojojin Siriya kuma ba su fita ba sai 2005, bayan kisan Hariri, Hizbullah kuwa ba ta taɓa ajiye nata makaman ba. Masu sukar yarjejeniyar suna cewa ta daskarar da rabon muƙamai bisa addini, kuma gaskiya suka faɗa. Ni dai ina kallonta kamar ɗorin karaya: ƙashi ya haɗu, mai shi ya tashi ya taka, ɗingishi bai rabu da shi ba. Amma uwar da ta shekara goma sha biyar tana ɓoye 'ya'yanta a ƙarƙashin bene ta san darajar wannan ɗori. Ka ce wa yaronka ya nemi takardar yarjejeniyar kanta ya karanta sashe-sashe, ya lura da inda aka bar magana a dunƙule da gangan don kowane ɓangare ya koma gida da abin faɗa wa mutanensa. Zai koyi abin da lacca ba za ta ba shi ba.

Shekara ba ta zagayo ba Saddam Hussaini ya mamaye Kuwait, ran 2 ga Agusta 1990. A nan ma an ga amfanin tsohon hannu. Saudiyya ba ta da hulɗar jakadanci da Mosko tun 1938, da Sin kuwa a watan Yulin 1990 kawai aka ƙulla. A watan Satumba Sa'ud ya je Mosko aka maido da hulɗa da Tarayyar Sobiyet. Da aka zo jefa ƙuri'a a Kwamitin Sulhu ran 29 ga Nuwamba kan ƙuduri mai lamba 678, wanda ya ba da izinin amfani da ƙarfi, Sobiyet ta goyi baya, Sin ta ƙaurace ba ta hau kujerar na-ƙi ba. Ba zan ce shi kaɗai ya yi wannan ba, Amurka ce kan gaba a neman ƙuri'un, amma ya share tasa hanyar. Ƙasashe da yawa suka shiga ƙawancen, har Nijar da Senegal sun tura sojoji. Kuwait ta kuɓuta a Fabrairun 1991. Sai dai girke dubban ɗaruruwan sojojin Amurka a ƙasar da Harami biyu suke ya bar ƙulli a zukatan mutane da yawa, ka tuna irin muhawarar da aka yi ta yi a masallatanmu a lokacin. Bayan shekara goma, a harin 11 ga Satumba 2001, mutum 15 cikin maharan 19 'yan Saudiyya ne, kuma Sa'ud ne aka bari da tsayawa gaban 'yan jaridar Amurka yana amsa tambayoyi masu zafi cikin Turancinsa mai laushi.

Da Amurka ta ɗaura ɗamarar afka wa Iraƙi a 2003, ya yi ta gargaɗi cewa rusa gwamnatin Bagadaza da ƙarfin soja zai wargaza ƙasar. Ba a saurare shi ba. A watan Satumban 2005 a New York ya faɗa wa Amurkawa a gabansu cewa sun ɗauki Iraƙi sukutum sun miƙa wa Iran ba gaira ba dalili. Duk wanda ya bi abin da ya faru a Iraƙi daga baya ya san ba shaci-faɗi ya yi ba. Da Iran ɗin ma ya gwada zaman lafiya. Ya je Tehran a 1985 ana tsakiyar yaƙinta da Iraƙi. Aka yi arangamar Makka a aikin hajjin 1987 inda fiye da mutum 400 suka rasu, hulɗa ta yanke a 1988, aka maido da ita a 1991. Haka ya yi ta yi da su, a ɗinke a ɓarke.

Yanzu ga inda maganarka take da ƙarfi, kodayake ta wata fuska da ba ka ambata ba. Matsalar minista a gidan sarauta ita ce wuƙa da nama ba a hannunsa suke ba. Sarki ke yanke hukunci, shi kuma ya fita ya gyara wa hukuncin fuska a gaban duniya. Ko a harkar wajen ma ba shi kaɗai ba ne. Yarima Bandar bin Sultan ya yi jakada a Washington daga 1983 zuwa 2005, kai tsaye yake magana da Sarki Fahd. Ƙanin Sa'ud, Turki Al-Faisal, ya shekara fiye da ashirin yana riƙe da hukumar leƙen asiri, da nasa hanyoyin. To jinin da ka raina shi ne ya ba Sa'ud abin da baƙo ba zai samu ba: zai iya shiga wurin baffansa sarki ya ce masa ranka ya daɗe wannan ba daidai ba ne, kuma shugabannin waje sun san in ya yi alkawari gidan ne ya yi. Amma jinin ne kuma ya ɗaure shi, don ba zai taɓa ajiye aiki ya fito ya ce bai yarda ba.

Af, tun da na ambaci 'ya'yan Faisal, su ne suka kafa gidauniya da sunan mahaifinsu a 1976, wadda ke ba da lambar yabon nan ta Sarki Faisal. Ita ce aka ba marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi a 1987 kan hidimar Musulunci. Ɗaya daga cikinsu, Khalid Al-Faisal, shi ne gwamnan Makka da alhazanmu suka daɗe suna ganin hotonsa.

Falasɗinu ita ce ta fi ci masa rai, ita ce kuma ta fi ci mini idan na tuna shi. Ya ɗauki shirin sulhu da Isra'ila da Fahd ya gabatar a 1981 ya yi ta yawo da shi har Larabawa suka amince da wani sashe nasa a Fas a 1982. Bayan shekara ashirin, ran 28 ga Maris 2002 a Beirut, ƙasashen Larabawa gaba ɗaya suka amince da tayin Yarima Abdullah mai jiran gado: Isra'ila ta janye daga yankunan da ta mamaye a 1967, a kafa ƙasar Falasɗinu mai hedikwata a gabashin Ƙudus, a samo mafita ta adalci ga 'yan gudun hijira, su kuma Larabawa su ƙulla cikakkiyar hulɗa da ita. Alhaji, wannan ba ƙaramin tayi ba ne daga mutanen da a Khartum a 1967 suka ce ba sulhu, ba amincewa, ba tattaunawa. Amma ana gobe za a amince aka kai harin ƙunar baƙin wake a wani otal a Netanya, washegarin amincewar kuma Ariel Sharon ya tura tankoki Ramallah suka yi wa Yasir Arafat ƙawanya. Tayin ta leƙo ta koma. Sa'ud bai gaji ba. A Fabrairun 2007 aka zaunar da Fatah da Hamas a Makka suka sa hannu, kafin watan Yuni ya ƙare suna harbin juna a Gaza. A Nuwamban shekarar ya je taron Annapolis a Amurka, ya faɗa tun kafin ya tafi cewa ba zai je ya yi musabahar nuna wa kyamara ba.

A ƙarshen 2009 ya yi hira da jaridar New York Times, ya faɗi maganar da ban taɓa jin mai mulki ya faɗi irinta ba. Ma'anarta ita ce, duk tsawon shekarun nan bai ga lokacin farin ciki ba, rikici kawai ya gani, kuma ta yaya mutum zai ji daɗin wani abu alhali Falasɗinawa suna cikin halin da suke ciki. Mutumin da ya kai shekara talatin da huɗu a kujera, wanda zai iya jero nasarori a yi masa tafi, ya zaɓi ya ce babban abin da ya sa a gaba bai samu ba. Wannan ya ƙara masa girma a idona fiye da duk yabon da aka yi masa.

Shekarunsa na ƙarshe su ne ban ji daɗinsu ba, kuma ba zan ɓoye maka ba. Da guguwar boren ƙasashen Larabawa ta 2011 ta taso, Saudiyya ta tura sojoji Bahrain don kare gidan sarautar can. A Siriya, a taron Tunis na Fabrairun 2012, ya fito fili ya goyi bayan ba 'yan adawa makamai. Na san zaluncin da gwamnatin Bashar ta yi, ba na kare ta, amma mutumin da ya ga abin da makaman waje suka yi wa Labanon ya fi kowa sanin inda wannan hanya take kaiwa. A Masar, bayan jinin da aka zubar a dandalin Rabi'a a Agustan 2013, ya ce in Turawa sun yanke tallafi Larabawa za su cike giɓin. A Oktoban wannan shekara aka zaɓi Saudiyya a Kwamitin Sulhu, rana ɗaya da Najeriya da Chadi, washegari ma'aikatarsa ta ce ba sa son kujerar saboda kwamitin ya gaza a kan Siriya da Falasɗinu, Jodan ta maye gurbin. Na fahimci fushin, amma wanda ya ƙi zama a majalisa ya bar wa wasu bakin magana.

A lokacin jikinsa ya riga ya gaza. Ciwon baya ya sa an yi masa tiyata ba sau ɗaya ba, ga ciwon karkarwa da ake kira Parkinson. Duk mai kallonsa a talabijin ya ga yadda wuyansa ya ranƙwafa, hannunsa na rawa a kan takarda, muryar da a da take fita tar ta koma sai an kasa kunne. Yana jinya a Amurka Sarki Abdullah ya rasu a Janairun 2015. Ya dawo, ran 26 ga Maris jiragen Saudiyya suka fara ruwan wuta a Yaman, bayan 'yan kwanaki ya tsaya gaban Majalisar Shura da ƙyar yana cewa su ba masu neman yaƙi ba ne, amma in an buga gangarsa a shirye suke. 'Yan ƙasarsa sun yi alfahari da wannan jawabi. Ni kuwa zuciyata ta yi nauyi, don daga cikin manyan jawabansa na ƙarshe ke nan, kuma kai ka san yunwa da kwalara da suka biyo baya a Yaman. Mai ɗorin Ɗa'ifa bai kamata a ce da gangar yaƙi ya yi sallama ba.

Ran 29 ga Afrilu 2015 Sarki Salman ya karɓi roƙonsa na sauka saboda rashin lafiya. Aka naɗa Adil Al-Jubair, wanda ba ɗan gidan sarauta ba ne. Shi ma bai cika shekara huɗu ba aka kawo Ibrahim Al-Assaf a ƙarshen 2018, sannan Yarima Faisal bin Farhan a Oktoban 2019. Ka ga kujerar da mutum ɗaya ya riƙe shekara arba'in ta ga mutum uku cikin ƙasa da shekara biyar, biyu daga ciki kuma ba 'ya'yan sarki ba ne. Shi Sa'ud ya rasu a Los Angeles ran 9 ga Yuli 2015, cikin goman ƙarshe na Ramadan, yana da shekara 75. Aka yi masa salla a Masallacin Harami, aka binne shi a maƙabartar Al-Adl da ke Makka. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa kura-kuransa, mu ma ya kyautata namu ƙarshen.

Ina jiran amsarka, musamman a kan batun Siriya, don na san kai da ni ba mu taɓa zama kan ra'ayi ɗaya a kansa ba. Goron da ka aiko ta hannun mutanen Alhajin nan mai mota ya iso lafiya, an raba wa maƙwabta, kowa na sa maka albarka. In Allah ya kai mu bayan Babbar Salla ina da niyyar zuwa, zan sanar da kai da wuri. Ka gaishe mini da Hajiya da kyau, da Liman, da duk wanda ya tambaye ni. Uwargida tana gaishe ku.

Wassalam,
Naka amini, daga Zariya.